Motar da Ba Ta da Taga

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya halicci baki ya kuma yi masa leɓɓa, ko da yake ni sai da gemuna ya fara fari kafin in gane abin da aka yi leɓɓan dominsa.

Ɗiyana, na san abin da kuka taso kuna ji a gari. An ce maku an taɓa korar tsohonku daga tashar Dakoro don ya ci amanar layi. Mariyama, ke ce babba, ke kika fi shan wannan magana. Ina tune da ranar da kika dawo daga famfo da bokiti wofi, kin juye ruwan a kan ɗiyar maƙwabta da ta ce maki ɗiyar ɓarawon kaya. Ban taɓa yi maki godiya ba, to ga ta yau. Korar gaskiya ce, an yi ta da hantsi gaban kowa da kowa. Dalilin ne ba a faɗa maku daidai ba, kuma ba laifin masu faɗa ba ne, ni na hana su sani. Yanzu gwiwata ta gaji da taka birki, mutumin da maganar ta shafa ya daɗe da komawa ga Mahalicci, don haka zan ba ku labarin duka, in riƙe abu guda tak.

Kun san ban yi nisa a lakwal ba, wato makarantar boko. Mushe, malamin ajinmu, shi ne ya je wurin kakanku ya ce a zaɓa, ko ni ko shi, don aji ɗaya ba ya ɗaukar masu magana biyu. Kakanku ya duba ya ga mushe gwamnati ta kawo shi, ni kuwa a gida aka same ni, sai ya cire ni. Daga nan na bi mota, na wanke taya, na sha mari, har na samu farmi, takardar izinin tuƙi. Na yi shekara da shekaru ina jan kamiyon wani Alhaji na Maraɗi, in kai wake da gyaɗa Najeriya, in dawo da abin da ya ce. Duk tashar da na sauka, kafin injin ya huce an kewaye ni. Wanda ya yi aure, wanda jandarma suka tsare, wanda ya sha kaye a kokawa, duk a bakina ake ji, da muryar kowa da irin tafiyarsa. Har aka manta sunana Sani, aka koma kirana Rediyo, rediyon da ba ya cin pil, wato batir. Ku riƙe wannan, don in ba ku san irin bakin da nake da shi ba, ba za ku gane abin da na yi da shi ba.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne in tsufa a kan sitiyarin wani. Na je wurin Yaya Ilu, babban wana, wanda shanun gadonmu ke hannunsa, na ce a ware mani rabona zan sayi mota. Ya ce saniya maraƙi take haifa, mota kuwa makanise take haifa. Amma ya ware. Na sayar, na tafi Maraɗi da niyyar bashe, buɗaɗɗiyar motar nan da kowa ke ja a hanyarmu. Kuɗin ba su kai ba. Dillali ya ja ni bayan wani garaji ya nuna mani wata fara da ta shigo ta Kwatano, bayanta a rufe ruf kamar akwati, ba taga ko ɗaya, a gefenta an zana burodi da rubutun Nasara. Ya tada injin. Ni kuwa kunnena ya fi hankalina ilimi. Na ji injin nan yana tafiya sumul, ba tari ba shessheka, sai na miƙa kuɗin. Ban tsaya na tambayi kaina wa zai sa kayansa a ciki ba.

Na shigo Dakoro ina danna oda tun daga bakin gari. Bawa, sarkin tasha na lokacin, ya tashi daga bencinsa ya kewaye motar, ya ƙwanƙwasa gefenta, ya buɗe ƙofar baya ya leƙa cikin duhun, sannan ya cire hula.

"Rediyo," ya ce, "wa ya rasu?"

Kafin la'asar sunan motata Makara.

Ku yaran yanzu ba ku san dalilin da bashe ta zama sarauniya ba. Bashe ba ta da iyaka. A ɗora buhuna har su wuce kan direba, a ɗaure awaki a gefe, a rataya kaji, sannan mai kaya ya hau bisa ya zauna a kan buhunsa yana gadi da idonsa. Mutumin ƙasarmu ba ya son kayansa su shiga inda ido ba ya kai, shi kansa kuwa ba ka isa ka rufe shi a ɗakin da ba taga ba. Ina cikin layi kamar kowa, don ƙa'idar tasha ita ce kowace mota da juyinta, duk kayan da suka zo na wanda ke gaba ne. Amma in juyina ya zo, mai kaya ya dubi Makara, sai ya tuna bai yi salla ba, ko ya manta igiya a kasuwa, ba zai dawo ba sai motar bayana ta matso. In na samu ɗan abin da zan kai Maraɗi, in dawo wofi. Duk wanda ya ja motar kansa ya san wannan ciwo: tafiya ƙafa biyu gare ta, in ɗaya ta zo wofi sai ta cinye ƴar uwarta. Gazuwal, man da injin ke sha, bai san ka dawo da kaya ko da iska ba. Yaya Ilu ya zo har gida ya ce ya ba ni zuwa kaka. In motar ba ta ci da gida ba, a sayar, a maido ko da karsana ce, in koma kamiyon Alhaji in yi shiru. Na ce komawa mai yiwuwa ce, shirun ne ban yi alkawari ba.

Uwarku Dije ce ta samo mani kayan farko, ba ɗan kamasho ba. A wurin wani suna ta ji matan da ke sarin cuku, busasshen nonon nan mai kamar waina, daga wurin Buzaye da Fulani suna kukan bashe: fasinja ya taka, rana ta gasa, ruwa ya jiƙa, kafin a kai Maraɗi rabin cukun ya zama gari, sauran kuma yatsun mutane sun rage masa nauyi. Ta ce masu ga mota mai ƙofa da makulli a gidanta tana barci. Daga cuku sai mai ƙwai ya ji, sai mai burodi, sai wani mai sayar da madubi da faranti. Na gane ashe kayana ba a tasha suke ba, suna inda mata ke hira. Na koma duk inda na ga taron suna ko biki in tsaya in yi barka, in ba da dariya, in fita da alkawarin kwali biyu ko uku. Waɗannan ƙananan kaya ba wanda ya damu da su a tasha, Bawa ma cewa ya yi in kwashe, Allah ya sa albarka. Sun hana tukunya bushewa, amma ba su kai su rufe bakin Yaya Ilu ba.

A wannan shekara ne yunwa ta leƙo. Daminar da ta gabata ruwa ya ɗauke daidai lokacin da hatsi ke fidda kai, mutane suka girbe kara. Kafin sabuwar damina ta kai tsakiya, rumbuna sun koma gidan ɓeraye, ɓerayen ma suna shirin ƙaura. Wata ranar kasuwa ina zaune a inuwar motata sai ga wani dattijo ya yi sallama. Na san shi, kowa ya san shi. Manomi ne da ya yi dubu, wato ya taɓa girbe dami dubu a damina guda, aka yi biki aka naɗa shi sarkin noma na garinsu. Ban ce garin yana wajen Ɗan Gulbi ba, ban ce wajen Mai Yara ba. Sarakunan noma a ƙasarmu ba ɗaya ba ne, kowa ya zaɓi nasa. Ni zan kira shi Mai Rumbu. Ya zauna ya tambayi kuɗin igiya, ya yi maganar gajimare, ya yaba tayoyina. Sai da kasuwa ta fara watsewa ya dafa gefen motar.

"Motar nan taka ba ta da taga," ya ce. "Kai fa?"

Na buɗe baki zan yi wasa, sai na ga idonsa, na rufe. Ya ce an gaya masa bakina ba shi da marfi, amma motata kaɗai ce a ƙasar nan za ta iya aikin da yake so, don haka ba shi da zaɓi sai ni. Na ce zan rantse. Ya ce kada in rantse, mai yawan magana rantsuwarsa araha gare ta, in ce masa i ko a'a kawai. Na ce i.

Rumbunansa ne suka ƙare. Ku da kuka taso kuna sayen tiya a kasuwa ba kunya, ba za ku ji nauyin wannan ba. Mutumin da ya yi dubu ba ya awo. Garinsu duka sun yarda hatsinsa ba ya ƙarewa, kuma a shekarar wahala ƙofarsa ake zuwa, ya auna wa kowa abin da zai kai shi ga kaka. Ya yi ta aunawa har ya taɓa ƙasan rumbu, ga noma bai ƙare ba. Ya ce mani ba girmansa yake ji ba, ko da yake na san yana ji. Abin da yake tsoro shi ne ranar da aka ji sarkin noma ya sayi hatsi, a ranar samarin garin za su jingine kalmen noma su kama hanyar Najeriya da Agadas, gonakin da suka yi kyau a bana su koma ciyawa, baɗi kuma a sake wata yunwar. Ya riga ya sa wani amininsa Bafillace ya sayar masa da shanu can arewa inda ba a san alamarsa ba. Babban ɗansa zai riƙa tarar da ni a Maraɗi ya sayi hatsi, ni kuma in kai gida.

Mun yi aikin nan da rana tsaka, don motar da ta zo a ɓoye ita ake bi da ido. Mai Rumbu ya sanar a gari cewa zai yi ginin siminti bayan kaka, yana tara kaya tun yanzu. Na sayi buhun siminti guda na zaunar da shi a kujerar gaba kusa da ni, inda kowa zai gani ta gilashi. Sai in taso daga Maraɗi, in wuce Sabon Maci, in saki laterit, hanyar jar ƙasa, in kama rairayi. Jandarman hanya sukan buɗe baya su ga buhunan hatsi su rufe, su baƙi ne, ba su san wa ke da sarautar noma ba. In na isa garin, yara su biyo ni suna ihun ga siminti, ni kuwa in ɗaga hannu kamar gwamna. In shiga gidan da baya, in manna ƙofar motar da ƙofar wani ɗaki, ko kaza ba ta samun wurin leƙe. Shi da wani ɗansa su sauke. In fito wofi, amma Alhaji Siminti yana nan kujerarsa, wai samfur ne zan maida wa mai kanti.

Saura matsala guda. Hatsin rumbu dami ne, na kasuwa kuwa sussukakke ne a buhu. In mutane suka zo aro aka auna masu tsaba alhali ba su ji sussuka ba, za su gane. To, sai Mai Rumbu ya sa matan gidansa kullum da safe su zuba tsofaffin zangarniyar da ba ƙwaya ko ɗaya a turmi, su yi ta lugude har da waƙa, garin duka yana ji. Shi kuma ya fito da kansa ya watsa ƙaiƙayi a ƙofar gida don kaji su yi shaida. Da ƙaiƙayin ya ƙare, ni aka aika in sayo. Na tsaya a Maraɗi ina cinikin ƙaiƙayi, mai sayarwa yana kallona yana tunanin ko rana ta taɓa ni.

Ku duba irin jarrabawar da Allah ya yi mani. A duk rayuwata ban taɓa samun labari mai daɗi kamar wannan ba. Mata suna dakan iska, dattijo yana yaudarar kaji, buhun siminti ya fi kowane fasinja a Dakoro yawo. Ina tuƙi ina shirya yadda zan ba da shi, da muryar Mai Rumbu, da rawar taɓarya. In iso tasha, a miƙo mani shayi, a ce Rediyo me ke labari, in ce lafiya lau. Harshena ya riƙa yi mani ƙaiƙayi kamar na ci gwaza ɗanye.

Direbobi ba makafi ba ne. Sun riƙa gamuwa da Makara a hanya, bayanta ya zauna har yana neman shafar ƙasa, sun kuwa san cuku ba ya yin haka. Shekarar ta matse kowa, kaya sun yi wuya, mota takan kwana uku a layi ba ta motsa ba. Ga Rediyo yana jigila cike, ba ta tasha ba. Aka kai ƙara sandika, ƙungiyar masu motoci, Bawa ya sa aka kira ni. Ina so ku sani Bawa ba mugu ba ne. Abin da ya faɗa a rumfar nan gaskiya ne: layi shi ya hana mai ƙarfi cinye mai rauni, babban kaya na kowa ne, in kowa zai riƙa kama nasa ta bayan gida to a rushe rumfar a huta. Na ce zan biya kamashon duk tafiyar da na yi. Ya ce ba kamasho ake nema ba. In faɗi mai kayan, tafiya ta gaba a ba motar da ke kan layi, shi ke nan an yafe mani.

Motar da ke kan layi bashe ce. Na rufe ido na gan ta tana shiga garin Mai Rumbu, buhunan hatsi a fili har da tambarin kasuwar Maraɗi, mutane suna fitowa daga gonaki suna kallo.

Rumfar ta cika, har masu shayi sun bar wutarsu. Kowa murmushi yake, don ba wanda ya yi zaton za a daɗe. Wani ya ce a ba shi ruwa ya jiƙa maƙoshi, yanzu za a kama tasha. Na kuma san abin da ba su sani ba: in na buɗe baki na ba su labarin dakan iska, sai sun faɗi ƙasa don dariya, Bawa ya share hawaye ya ce in koma layi, har a ƙara mani shayi. Labarin yana nan a kan harshena, a shirye, da gishirinsa.

"Ranka ya daɗe," na ce, "kaya na ɗauka, na kai, an sauke."

"Na wa?"

"Na mai su."

Aka yi dariya, ana jiran saura. Sauran bai zo ba. Bawa ya sake tambaya, ya haɗa ni da girman kakanku, ya ce in tuna ina da iyali. Na ce na tuna. Murmushin ya bar fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya. Wani ya ce hatsin masu ɓoyo nake ja, waɗanda ke jiran tiya ta ƙara tsada. Wani ya ce kayan sata ne, shi ya sa tun farko na sayi mota marar taga. Bawa ya ce waɗanda suka yarda a cire ni daga layi su ɗaga hannu. Na ga hannayen mutanen da na koya wa tuƙi, na ga na waɗanda na yi wa rakiyar neman aure. Na shiga Makara na fita a hankali, ban danna oda ba.

Yaya Ilu ya riga ni isa gida. Ya yi faɗa har rawaninsa ya kwance. Ya ce duk surutun da na yi a duniya a banza, rana guda da magana za ta yi amfani na zama kurma. Ya ce ko in koma in faɗa, ko ya nemo mai sayen motar tun kafin kaka. Da ya tafi na zauna a tsakar gida ina jiran na uwarku, don ita ma ba ta san komai ba, ta kuwa fi kowa haƙƙin tambaya. Ta ajiye akushi gabana ta tsaya tana kallona.

"Tun da aka kawo ni gidan nan," ta ce, "ban taɓa ganin magana ta shiga kunnenka ta kwana ba. In wannan ta kwana, to babba ce. Ci tuwonka."

Ba ta sake tambaya ba har ta bar duniya. Allah ya jiƙan Dije. Ita ce ta je wurin Yaya Ilu washegari ta tuna masa cewa kaka ya ce, kuma dattijo ba ya rage wa'adin da ya yanka da bakinsa.

Na ci gaba da jigilar Mai Rumbu har sabon hatsi ya nuna. Samarin garinsu ba wanda ya tafi, gonaki suka yi abin da aka daɗe ba a gani ba. Da aka tambaye shi gini, ya ce ruwa ya shiga ɗakin ya ɓata simintin duka, mutane suka yi ta zuwa yi masa jaje. Bai san an kore ni ba sai daga baya. Ya aiko ɗansa ya ce zai zo tasha ya faɗi gaskiya da kansa. Na ce a gaya masa in ya yi haka, korar tawa ta zama ta banza, ya bar mani abina.

Daga nan wahala ta fara ta gaske. Aikinsa ya ƙare, tasha ta rufe, wasu matan cuku mazajensu suka hana su hulɗa da ni. Mai ƙwai ya koma bashe yana kwasar asararsa da girma. Amma in gaya maku gaskiya, ba rashin kaya ya fi ci mani rai ba. Rashin benci ne. Mai labari ba shi da dukiyar da ta wuce masu saurare, ni kuwa in na doso majalisa sai hira ta mutu. Na koma ba ku labari ku ƙanana, ku yi barci tun ban kai tsakiya ba. Kaka ta wuce, Yaya Ilu ya kawo wani mutum daga Kornaka ya duba motar, ya ce zai maida ta shagon kaji. Na ce a ba ni zuwa kasuwa mai zuwa.

Kafin kasuwar wata tsohuwa ta yi sallama da uwarku, ta daɗe tana kewaye-kewaye. Ashe ta aurar da jikarta, rabin kayan ɗakin da aka jera na aro ne daga ƴan uwa a wani gari, don kada dangin miji su raina. Biki ya watse, lokacin maidawa ya yi, kuma in aka ɗora gado da kwanoni a bashe garin duka zai ƙirga. Ta ce ita ba ta san abin da na ɗauka aka kore ni ba, ba ta kuma son sani. Abin da ta sani shi ne an tara maza a rumfa an matsa ni, ban faɗa ba. Na kai kayan, na dawo da buhunan wake na wanda ya ba da aron gadon, ƙafa biyu cike. Bayanta sai wani ɗan kasuwa da ciniki ya karye masa, yana so a kai firjinsa Maraɗi a sayar ba tare da maƙwabta sun ga ya fita ba. Sai magidancin da ke aika wa surukansa abinci ba ya so a san sun rasa. Sai mai kanti da ba ya son abokan gasarsa su san me ya saro. Ashe kowane gida a ƙasar nan yana da kayan da ba ya so rana ta gani, ba wanda ya taɓa kawo masu mota sai ni, ni ma bisa kuskure. Korar da aka yi mani ita ta yi mani shela. Mutumin Kornaka ya dawo, na ba shi shayi, na ce kajinsa su nemi wani gida.

Ban sake shiga layi ba. Kaya ne suka riƙa bin layi a ƙofata, daga baya da salula ta zo suka koma kira. Wani mai fenti ya goge burodin nan na Nasara ya rubuta Rufin Asiri, sunan Makara ya mutu. Da motar nan na yi wannan gida, na sa ku lakwal kuka wuce inda mushe ya tsayar da ni, na maida wa garken Yaya Ilu fiye da abin da na cire, ya karɓa yana cewa shi dama ya san za a yi haka. Da motar ta tsufa na sayi ƙanwarta, ita ma ba taga. Har cikin waɗanda suka ɗaga hannu a rumfar nan akwai waɗanda suka zo ƙofata da nasu kayan, suna kallon ƙasa. Na kai masu. Ko su waye, me suka ɗora, ban gani ba, idona yana kan hanya. Surutu kuwa ban daina ba, kun sani. Na koma majalisa na ci gaba da ba da labarin kowa da komai, sai dai duk abin da ya shiga ta ƙofar bayan motata, a can yake mutuwa.

Mai Rumbu, in mun gamu a kasuwa, gaisuwa ce kawai irin ta kowa. Amma kowace kaka sai mai amalanke ya tsaya ƙofar gida ya sauke dami, ya ce in ji mai siminti. Kun sha furarsa ba ku sani ba. Bayan rasuwarsa damin bai daina zuwa ba.

Na san ku. Kuna gama karanta wannan za ku taru ku fara lissafin sarakunan noma, Mariyama ta zo da shayi mai kauri ta zauna kusa da ni tana lallashi. Kada ku wahalar da sukari. Bawa da mazan tasha duka ba su samu sunan nan ba, uwarku da ta fi ku iya shayi ba ta nema ba. In kuna son shaida, ku fita ƙofar gida ku dubi dutsen nan mai siffar matashin kai da kuka taso kuna zama a kai, wanda kuka sha ce mani in sa a ɗauke don yana tare hanya. Ku duba gefensa da kyau, har yanzu akwai sawun ɗinkin buhu. Shi ne abokin tafiyata, Alhaji Siminti. Mu biyu muka ga komai, shi ya daskare, ni ban daskare ba, amma har yau ba wanda ya ji daga bakin ɗayanmu. A bar shi inda yake.